Tambaya da Amsa: Ƙwari na cinye mana wake

Tambaya: Duk shekara ƙwari ke huda mana wake tun kafin damina. Yaya zan adana shi ba tare da zuba magani ba? Daga wata uwargida a Gumel.

Amsa: Hajiya, tun daga gona ƙwarin suke biyo waken, ƙwansu na manne a jikinsa. Ki shanya shi ya bushe sarai, ya huce a inuwa, sannan ki zuba a buhun PICS, wato buhun adana hatsi mai leda 2 a ciki da ke hana iska shiga. Ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban. Rashin iska ke kashe su, don haka huda ɗaya kacal ta isa ɓata aikin. Ki duba ledojin tukuna. Ki ɗora buhun kan katako inda ɓera ba zai kai ba, ban da yawan buɗewa. Na girkin yau da gobe kuwa, ki ware shi a jarka.