Gonar jingina da shekara ta hamsin

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce mahaifinku ya karɓi jinginar gona a hannun wani ɗan ikilisiya tun da daɗewa, yanzu 'ya'yan mutumin sun zo da Littafin Firistoci sura 25 suna neman a sakar musu, kana son sanin ko dokar ta hau kanmu, tunda muna ƙarƙashin alheri. Mu ne muka taɓa zama a wancan ɓangaren, a ƙauyenmu na ƙasar Sumaila.

Lokacin farin 1984 Baba ya jinginar da gonarmu ta fadama a kan buhu huɗu na dawa. Wanda ya karɓa dattijo ne a majami'armu, benci ɗaya suke zama da Baba. Shekara 19 yana nomanta. Duk kaka jakunansa sai sun bi ta ƙofar gidanmu da dammunan dawa, Inna ta sunkuyar da kai ta ci gaba da surfenta. Ranar godiyar kaka ya ajiye dami a gaban majami'a, kowa ya san gonar da ya fito, aka tafa masa.

Shekara ta hamsin kam, wadda sura 25 ta ce a cikinta kowace gona ta koma hannun masu ita na asali, ba mu da ita. Isra'ila aka ba, ƙasar da aka raba wa kabilu, da busa ƙaho a Ranar Kafara. Babu dagacin da zai busa maka ƙaho. Amma ka koma aya 15 da 16 ka karanta a hankali: ana yanke farashin gona ne bisa yawan girbin da ya rage, domin girbi mutum ya saya, ƙasar kuwa, in ji aya 23, ta Allah ce. Aya 27 kuma ta ce in za a fansa, a cire shekarun da aka riga aka ci. To mu a irin jinginar da aka saba a wajenmu, sai mai kuɗi ya ci gona ko shekara ashirin ne, kuma ya karɓi kuɗinsa cif. Wannan lissafin ne ya kamata ya hana Kirista barci. Har gida ma dokar ta bambanta: na birni mai ganuwa shekara ɗaya kawai ake da ita a fanshe shi, na ƙauye kuwa tare da gona ake lissafa shi. Mai dokar ya san halin manomi.

A 2003 yayana ya dawo daga ci-rani ya kai maganar gaban dattawa. Dattijon da ke riƙe da gonar ya ce a biya shi buhu huɗu a farashin yau. Fasto bai yi wa'azi ba, ya ce, "Baba, kaka nawa kuka ci a gonar nan?" Aka yi tsit. Sai dattijon ya ce shi ma ya kai taki amalanke-amalanke, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro shida. Gaskiya ya faɗa, ko da yake ranar ban so jin ta ba. Aka tsaya a kan buhu biyu, ya kwashe amfanin shekarar, mangwaron kuma nasa ne har ya koma ga Ubangiji. Aka rubuta takarda a gaban mai unguwa. Kusan shekara guda ba ya amsa gaisuwarmu.

Tunda gonar a hannunku take, kada ku jira su kai ƙara. Ku zauna da dattawa biyu, ku ƙirga girbin da kuka ci, ku ƙirga abin da kuka zuba, ku ga inda ya tsaya. In kun saki, ku saki kafin ruwan shuka, ku haɗa musu da tiya biyu ta iri. Mu da aka sakar mana, a kasuwa muka ciyo bashin na shukawa.