Tambaya da Amsa: Da Gaske Baƙin Ramin Tsakiyar Taurarinmu Zai Haɗiye Mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da fiziks a wata sakandare a Tudun Wada, Zariya. Ɗalibaina sun kawo mini wani bidiyo na WhatsApp mai cewa na'urar infared (hasken da ido ba ya gani) ta hango baƙin rami (black hole, wato abu mai jan nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa) a tsakiyar gungun taurarinmu na Milky Way yana zuƙo rana da duniya. Wata yarinya har ta kasa barci. Yaya ma ake ganin wurin, kuma me zan faɗa musu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar musu da hankali, babu abin da ke zuƙo mu.

Ka san ranar Zariya lokacin hazo, yadda take yin jawur da yamma saboda ƙura ta tare shuɗin haske, ta bar ja. To tsakaninmu da cibiyar gungun taurarinmu tafiyar haske ce ta shekara kusan 26,000, hanyar kuma cike da ƙura. Hasken da ido ke gani, kamar ɗaya cikin tiriliyan ke tsira. Infared mai tsawon zango maikiron 2.2 kuwa (maikiron ɗaya bisa dubu ne na milimita), kusan ɗaya cikin goma na isowa. Da shi ake zana taswirar tsakiyar gungun: ana nemo taurarin da aka san ainihin ƙarfin haskensu, a auna dushewarsu, a fitar da nisa. Na'urar hangen nesa ta Spitzer a 2005 ta tabbatar akwai doguwar sandar taurari da ta ratsa tsakiya, binciken madubin hangen nesa na VISTA da ke ƙasar Chile tun 2010 kuma ya nuna cunkoson taurarin da ya kumbura a tsakiyar ya fi kama da gyaɗa mai ƙwaya biyu.

Yanzu ga abin da ke ɓata mini rai, domin kusan kullum sai an turo mini irin bidiyon nan. Ramin na nan, sunansa Sagittarius A*, nauyinsa ya kai rana miliyan 4. Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun sami kyautar Nobel a 2020 saboda shekarun da suka shafe suna bin taurarin da ke kewaya shi da infared. Amma baƙin rami ba ya tsotso. Jan nauyi yake yi kamar kowane abu mai nauyi, jan kuma yana raguwa da nisa, dokar da kake koyarwa a aji. Tauraron S2 na zagaya shi duk shekara 16. A Mayun 2018 ya kusance shi har tazarar da ta ninka tsakaninmu da rana sau 120 kacal, yana gudun kilomita sama da 7,000 a daƙiƙa, ya wuce abinsa lafiya lau. Wanda ke bakin ƙofar bai faɗa ba, sai mu? Ranarmu kewaya cibiyar take yi, zagaye ɗaya a shekara wajen miliyan 230, kuma nauyin gungun gabaɗaya ne ke riƙe da ita, ramin ɗan kaɗan ne a ciki.

Masu haɗa bidiyon nan neman mabiya suke, su ɗauko zanen kwamfuta su ɗora masa murya mai ban tsoro. Su ji tsoron Allah. Hana yarinya barci da ƙarya zalunci ne, wanda ya tura bai bincika ba kuma yana da kamasho.

A watan Yuli ko Agusta, daren da ruwa ya wanke sama kuma babu wata, ku fita bayan gari ku fuskanci kudu, kusa da wutsiyar taurarin Kunama (Scorpius). Baƙaƙen zirin da ke tsaga farin hasken taurari da ya ratsa sama a wajen su ne ƙurar, cibiyar na bayansu. Yarinyar nan kuma ka ba ta alli, ita da kanta ta lissafa ƙarfin jan ramin a nisanmu a kan allo.