Kasuwar Sola Na Bunƙasa, Me Ya Hana Masu Hannun Jari Cin Riba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum ina cin karo da rahotanni masu cewa kasuwar wutar sola za ta ninka kaza nan da shekara kaza. Yaya ake yin wannan lissafin, kuma za a iya dogara da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lissafin ba shi da wuya. Mai hasashe yana ɗaukar yawan solan da aka kafa a shekara guda, ya zaɓi kason da yake zaton za ta riƙa ƙaruwa da shi, sai ya yi ta ɗora ƙari a kan ƙari. A 2024 an kafa kimanin gigawat 600 a duniya (gigawat ɗaya wat biliyan ɗaya ne na ƙarfin wuta). In ka ce ƙarin kashi 10 cikin 100 ne duk shekara, bayan shekara biyar za ka samu 966. In ka ce kashi 20, za ka samu kusan 1,490. Tazarar sama da gigawat 500 ke nan, kuma duk daga lamba guda ta fito, wadda mutum ya zaɓa yana zaune a ofis. Don haka kafin ka dubi jimillar, nemi inda aka samo kason.

Akwai kuma wuraren da alƙaluman ke ruɗa mutane. Wani rahoto yana ƙirga ƙarfin farantan sola da kansu, wani yana ƙirga abin da ke fitowa daga inbata (na'urar da ke juya wutar faranti zuwa irin ta layi) zuwa babban layin wuta, kuma na farkon yakan fi na biyun da kashi 20 zuwa 30. Sannan gigawat ɗaya na sola ba ya aiki dare da rana: a shekara yakan ba da tsakanin gigawat-awa 900 zuwa 2,200, gwargwadon ranar wurin. Kuma kusan rabin abin da duniya ke kafawa a ƙasar Sin yake. A 2024 kaɗai ta kafa kusan gigawat 277. Duk hasashen duniya, rabinsa hasashe ne na abin da hukumomin Beijin za su yanke.

Dogaro fa? Shekara da shekaru Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, tana fitar da hasashe, kasuwa tana wuce shi. Abin da ya riƙa kuɓuce mata shi ne saurin faɗuwar farashi: duk lokacin da jimillar farantan da aka taɓa ƙerawa ta ninka, farashi yakan sauka da kusan kashi 20. Sai a 2022 duniya ta cika gigawat 1,000 na sola, bayan gomman shekaru. Dubu ta biyu kuwa shekara biyu kacal ta ɗauka. Amma kuskuren yana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma. Sifaniya ta kafa kusan gigawat 2.6 a 2008 saboda tallafi mai tsoka, gwamnati ta datse tallafin, a 2009 kasuwar ta mutu murus.

Tambaya: Na sayi hannayen jarin wasu kamfanonin sola a farkon 2021. Tun daga lokacin ake ta cewa kasuwa ta ninka, ni kuwa kuɗina ko rabi bai kai ba yanzu. Ina matsalar take?

Amsa: Hajiya, kasuwar ta ninka da gaske. A 2021 abin da aka kafa bai kai gigawat 200 ba, a 2024 ya haura ninki uku. Sai dai ke ba gigawat kika saya ba, rabo kika saya a cikin ribar kamfani, ribar kuwa ita ce ta ƙafe.

Ga yadda abin yake. Kamfani ya ƙara yawan farantan da yake sayarwa da kashi 30, amma farashin kowane faranti ya faɗi da kashi 40. Ninka 1.3 da 0.6, za ki samu 0.78. Ya yi aiki fiye da na bara, kuɗin da ya shigo masa ya ragu da kashi 22, ga albashi da bashin gina masana'anta suna nan daram. Wannan ba misali ba ne kawai: a 2023 farashin faranti ya faɗi da kusan rabi, a 2024 ana sayar da na Sin a kan wajen santi 10 na dalar Amurka kowane wat. Dalili, masana'antu sun yi yawa. Ƙarfin ƙerawa ya haura gigawat 1,000 a shekara, kusan ninki biyu na abin da ake buƙata, kuma sama da kashi 80 nasa yana Sin. Kaya suka yi kwantai, kowa ya shiga karya farashi, har Longi, ɗaya daga cikin manyan masu ƙerawa, ya tafka asarar biliyoyin yuan, kuɗin Sin, a 2024. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai ƙerawa yana jigata, mai saye ya kafa yana samun araha.

Faranti kuma kaya ne da kusan duk ɗaya suke, mai saye ba ruwansa da suna in akwai bambancin santi guda. Ga fasaha tana sauyawa: da aka koma daga tsohon nau'in faranti na PERC zuwa sabon nau'in TOPCon a 2023 da 2024, injinan da ba su daɗe da kafuwa ba suka zama tsofaffi tun ba a gama biyan kuɗinsu ba.

Sai kuɗin ruwa, wanda shi ya fi yi wa kamfanonin Amurka illa. Aikin sola ba ya cin mai, kusan duk kuɗinsa a ranar farko ake kashewa, galibi da bashi. Bashin dala 700,000 a kan kashi 4 yana cin 28,000 a shekara. A kan kashi 8 ya zama 56,000, wutar da ake sayarwa kuwa ba ta ƙaru ba. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 a Yulin 2023. A Afrilun 2023 kuma jihar Kalifoniya ta rage abin da ake biyan masu gidaje kan rarar wutar da suke turawa layi da kusan kashi 75. Enphase, mai ƙera ƙananan inbata, hannun jarinsa ya haura dala 300 a ƙarshen 2022, kafin shekara ta zagayo ya koma ƙasa da 100. SunPower, mai kafa sola a gidaje, ya durƙushe a Agustan 2024.

Lokacin da kika shiga ma ya taka rawa. Asusun Invesco Solar, mai tattara hannayen jarin kamfanonin sola, ya ninka fiye da sau uku a 2020, ya kai ƙololuwa a farkon 2021. Kin sayi labari mai daɗi ne bayan an riga an saka daɗin a cikin farashi. Kuma ba yau aka fara ba: Q-Cells na Jamus ya karye a 2012, Suntech na Sin a 2013, kowannensu ya taɓa zama na ɗaya a duniya.

Tambaya: To in mutum ya nace zai zuba jari, me zai duba?

Amsa: Fara da sanin inda kamfanin yake tsaye, don "kamfanin sola" iri-iri ne. Akwai mai tace silikon, mai ƙera faranti, mai inbata, mai kafawa a rufin gidaje, da mai mallakar tasha yana sayar da wuta bisa kwantiragin shekara 15 ko 20. Faɗuwar farashin faranti guba ce ga na biyu, alheri ce ga na ƙarshe.

Daga nan buɗe rahotannin kuɗinsa na wata uku-uku, aƙalla guda takwas a jere. Dubi abin da ke saura daga kowace dala 100 ta ciniki bayan an cire kuɗin ƙera kaya. In yana raguwa alhali ciniki na ƙaruwa, kamfanin yana sayen kasuwa ne da ribarsa. Dubi kayan da ke jibge a sito: in suna ƙaruwa fiye da ciniki, karya farashi na tafe. Kwatanta bashi da tsabar kuɗin da ke hannu, ka lura da shekarar da wa'adin biyan bashin zai cika. Ƙirga yawan hannayen jarin ma, don kamfanin da ke fitar da sababbi duk shekara yana tsinka rabonka ne a hankali.

Wanda aka fi mantawa shi ne nawa ne daga ribar ya fito daga aljihun gwamnati. First Solar, kamfanin Amurka mai ƙera faranti, yana samun rangwamen haraji na kusan santi 17 kan kowane wat da ya ƙera a Amurka, bisa dokar 2022, wato fiye da farashin farantin Sin ɗungurungum. Kamfani ne mai riba, amma wani babban kaso na ribar a hannun 'yan majalisa yake. A Yulin 2025 wata sabuwar doka ta soke rangwamen kashi 30 na masu kafa sola a gidajensu daga ƙarshen shekarar.

Asusun haɗaka, mai tattara hannayen jarin kamfanoni da yawa irin na Invesco Solar, yana kare ka daga karyewar kamfani guda, ba ya kare ka daga faɗuwar sashen gaba ɗaya. A ra'ayinmu, sashe guda irin wannan kada ya wuce kashi 5 na jarinka, a shiga kashi-kashi cikin watanni, da kuɗin da ba za a nema ba nan da shekara biyar.

Tambaya: Tunda hannayen jarin sun faɗi warwas, ba yanzu ne lokacin saye ba?

Amsa: Ɗan'uwa, hannun jarin da ya sauka daga dala 100 zuwa 20 ya faɗi da kashi 80, wanda ya saya a 20 don araha, in ya koma 10, shi ma ya rasa rabi. Alamar da za ka jira a masana'antu take: ana rufe wasu, ana fasa gina sababbi, kuma farashin silikon da na faranti ya daina sauka wata shida a jere.