Yaushe zan koma kan keke bayan tiyatar furostat?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 62, da keke nake zuwa gona da kasuwa. Mako biyar ke nan da aka cire mini furostat saboda ciwon daji (kansa). An zare robar fitsari, ƙarfina ya dawo, sai dai fitsari kan ɗan zubo in na yi tari. Zan iya hawa yanzu? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara sauƙi. A dakata tukuna. Ɗinkin da kake gani a fatar cikinka ba shi ne abin dubawa ba. Furostat na zaune ne ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. In an cire shi, sai a ɗinke hanyar da wuyan mafitsara, kuma wannan ɗinki yana daidai saman wurin da sirdi ke dannawa, tsakanin maraina da dubura. Shi ya sa likitoci kan ce a jira mako 6 zuwa 12. Ga mai bin hanyar gona mai gargada, mu mun fi karkata ga 12, amma maganar wanda ya yi maka aikin ita ce gaba. Hawan acaɓa ma yana cikin wannan hukunci.

Kafin nan a riƙa tattaki kullum, a kuma motsa tsokar da ke riƙe fitsari: ka matse kamar mai danne tusa, ka ƙirga biyar, ka saki, sau 10 a jere, sau uku a yini. Kada a ɗaga buhu ko jarkar ruwa, domin gwaiwa kan biyo bayan wannan tiyata.

In an ba ka izini, fara da sirdin. Siririn nan mai dogon hanci a ajiye shi. A nemi mai faɗi mai rami a tsakiya, nauyinka ya sauka kan ƙasusuwan zama. Mai laushi sosai yaudara ne, mutum ya nutse ciki soson ya tokare tsakiya. Mai gyaran keke ya ɗan sunkuyar da hancin sirdin, ya ɗaga kan keken don ka zauna a miƙe. Ranar farko minti 10 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba kaya a baya, gobe a huta. In lafiya lau, a ƙara minti 5 duk bayan 'yan kwanaki, ana miƙewa kan feda jifa-jifa.

Yoyon yakan ƙaru yayin hawa da sauka, don haka a yi fitsari kafin a fita, a sauya ƙunzugu da zarar ya jiƙe kada fata ta saɓule. A rage goro da shayi, amma ban da ruwa.

Jini a fitsari, zazzaɓi, dindiris ko ciwo a matsematsi, kumburi a mara, ko fitsari ya riƙa fita da ƙyar: a sauka daga keke, a tafi asibiti ranar.