Kafin ka zuba sabon yashi a bonka

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce bonkar (ramin yashi na filin golf) da ke gefen girin na bakwai (shimfiɗar gajeriyar ciyawa inda ramin ƙwallo yake) ta ƙare damina tana riƙe ruwa kamar kududdufi, yanzu yashinta ya yi ja ya daskare, 'yan wasa sai ƙorafi suke yi, kana neman in yarda a kawo tifa biyu ta sabon yashi a zuba kowa ya huta. Ban yarda ba tukuna, bari ka ji dalili.

Ba yashin ne ke da ciwo ba. Ramin yashi kwano ne, duk ruwan da ya shiga cikinsa sai ya sami ƙofar fita ta ƙasa. In ruwan Agusta ya sauko da ƙarfi, yakan wanke yashin da ke jikin bangon ramin ya gangaro da shi, jar ƙasar da ke baya ta fito fili, ita ma ta narke ta biyo. Lakar nan ce ke shiga tsakanin ƙwayoyin yashi ta toshe su, daga nan ta sauka ta cika bututun da ke ƙasa. Ka zuba farin yashi a kan wannan, kafin ƙarshen Yuni ya koma launin na da. Ni na taɓa yin haka ina matashi, a wani fili da na fara aiki. Tifa uku muka juye, manya suka yaba, ruwa biyu kacal aka yi sai ga kwaɗi suna kuka a ciki. Maigidana bai yi mini faɗa ba, shebur kawai ya miƙo mini.

Saboda haka ka fara daga bakin bututu, can inda yake zubarwa a lambatun bayan bishiyoyi. Ka tono shi ka leƙa. Sau da yawa matsalar a nan take: gara ta yi gini a ciki, ko saiwa ta shige. Na taɓa zaro saiwar darbejiya daga bututu, tsawonta ya fi hannuna, ta cure kamar gashin doki. In bakin a buɗe yake, ka tona tsakiyar bonkar ka sa tiyo a bututun, ka tura yaro ya tsaya a ƙarshe. In ruwa ya fito da ƙarfi, aikinmu ya zo da sauƙi. In ya yi shiru ko yana ɗiga, to sai tono.

A kwashe tsohon yashin duka, amma kar a zubar, zai yi amfani a hanyar baro. Ramin bututu a tona shi kamar ƙashin kifi, babba ɗaya a tsakiya, ƙanana suna shigowa daga gefe a karkace. Bututu mai huje-huje, faɗin santimita 10, a kwantar da shi a kan wankakkiyar tsakuwa a kuma rufe shi da ita. Inda nake so ka natsu shi ne gangara. Ƙa'idar da hukumar golf ta Amurka ta shimfiɗa wa bututun ƙarƙashin girin ita ce kada gangarar ta gaza rabin mita a cikin mita 100. Ni a ƙasarmu mai laka na fi son santimita 1 a kowace mita, don ruwan ya yi gudun da zai tafi da datti. Kar ka auna da ido, ido maƙaryaci ne a filin golf, ko'ina tudu da kwari. Ka ari tiyon awo irin na magina, ka kafa turaku, ka ja igiya. Wuri ɗaya in ya lotsa, a nan laka za ta kwanta, shekara biyu mu sake tonowa.

Sai ka hau saman bonkar ka duba inda ruwan tudu yake bi. In yana faɗowa ta baki, a ɗan ɗaga gefen a karkatar da shi ya zagaye.

Shi sabon yashin, kafin ka biya direba ka gwada shi. Ɗebi cikin hannu ka zuba a kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza ka ajiye. Yashin kirki nan take yake kwantawa ruwa ya washe. In ruwan ya daɗe yana kama da kunu, a mayar masa da kayansa. Kaurin yashin a ƙasan rami santimita 10 bayan an danne, a jikin bango kamar 5, don in ya yi kauri a bango ƙwallo nutsewa take yi.

Ka kuma tambaya me ya sa nake gaggawa alhali ruwa ya ɗauke. A Sikotilan, filin Old Course na St Andrews yana da bonka 112, kuma daga ƙarshen kaka zuwa cikin sanyi ne suke sake gina bangon waɗanda suka lalace, suna jera yankakkiyar ciyawa ɗaya kan ɗaya kamar bulo, lokacin da baƙi suka ragu. Su a kan yashin bakin teku suke zaune, ruwa na tsanewa da kansa. Mu dalilinmu daban ne. Yanzu ƙasa na da sauran danshi, diga na shiga, kuma sawun ruwa na nan a fili, kana ganin inda ya kwanta da inda ya ci. Bari hunturu ya kankama, jar ƙasar nan ta koma kamar marmara, kiri-kirin da za mu dasa a bakin ramin kuma ba ya saurin kamawa in sanyi ya shigo.

Ranar Litinin bayan asuba zan zo, in Allah ya kai mu. Ka tanadi diga biyu, baro da igiya, kuma ina so in tarar ka riga ka buɗe bakin bututun.