Filin Masu Gyara: In Ba a Samu 74LS00 Ba, Me Za a Sa?

Tambaya: Assalamu alaikum. An kawo mini allon wata tsohuwar na'ura, aisin (IC, wato ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu) 74LS00 da ke kai ya ƙone. Na zaga shaguna ban samu ba, sai 74HC00 da CD4011. Mai shago ya ce duk aikinsu ɗaya. In sa? Daga mai gyara a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne kowannensu ƙofofin NAND huɗu ne a ciki (ƙofar da ke fitar da 0 sai in mashigunta duka 1 ne), ƙafa 14, amma kada ka sa CD4011. Jerin ƙafafunsa daban ne: a 74LS00 ƙafa ta 4 mashiga ce, ta 6 mafita, a CD4011 kuwa ta 4 ce mafita. Kana sa shi ka haɗa mafita biyu suna kokawa, wataƙila ka ƙona na kusa da shi.

74HC00 ƙafafunsa sun dace, matsalar a ƙarfin sigina take. Dangin LS, irin su 74LS00, in sun fitar da 1, wato sigina mai sama, abin da aka lamunce volt 2.7 ne kawai, shi kuwa HC a kan volt 5 yana son kusan 3.5 kafin ya tabbatar 1 ce. Shi ya sa na'ura za ta yi aiki a teburinka, ta koma gida ta riƙa rikicewa. Abin nema shi ne 74HCT00, wanda volt 2 ta ishe shi, don wannan gurbin aka ƙera shi. In dole sai HC, ɗaura resista 4.7k daga kowace mashigar da LS ke ciyarwa zuwa layin volt 5.

Duk mashigar da aka bari a sake, haɗa ta da ƙasa (layin volt 0) ko volt 5. LS na ɗaukarta a matsayin 1, amma HC da HCT sai su riƙa rawa suna ɗaukar zafi. Sa soket kafin aisin, da kapasita 100nF tsakanin ƙafa ta 7 da ta 14. Da hunturu kuma, lokacin da hannu ke tartsatsi a ƙofar mota, taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauke shi, tartsatsin nan na kashe shi.

Tambaya: Allon inbata na volt 12, 74HC zai maye gurbin CD4000? Daga Arkilla.

Amsa: A'a, Malam. Iyakar 74HC volt 6 ce, dangin CD4000 kuwa, irin su CD4011, na ɗaukar 3 zuwa 15. Nemi mai lamba irin ta wanda ke kan allon, ko mai farawa da HEF ko MC14: HEF4011 da MC14011 duk CD4011 ne daga wasu kamfanoni.