Tambaya da Amsa: Shin ƙwaƙwalwa tana amfani da laktet?

Tambaya: Malam, ni ɗan ƙwallo ne, kuma a filin wasa ana ce mana laktet datti ne da tsoka ke tarawa idan an gaji, sai ga shi na ji wai ƙwaƙwalwa tana amfani da shi. Wanne ne gaskiya? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ɗana, abin da ka ji daga baya shi ne daidai. Laktet ɗan'uwan sinadarin nan ne da ke sa nono tsami, wanda masanin sinadarai Carl Scheele ya fara warewa daga madara mai tsami a 1780. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarinsa, kuma sukarin gulukos ne babban abincinta.

A 1994, masu bincike Luc Pellerin da Pierre Magistretti a birnin Lozan na Suwizalan suka kawo bayanin cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro da ke manne da ƙananan hanyoyin jini, waɗanda ke karɓar gulukos su sarrafa shi ya koma laktet, sannan su miƙa wa ƙwayoyin jijiya su ƙona shi lokacin da aiki ya yi musu yawa. Har yanzu masana suna muhawara kan yawan abin da ke bi ta wannan hanya, amma a ganina kiran laktet datti kuskure ne. Lokacin da kake gudu kana haki, laktet yana ƙaruwa a jininka, ƙwaƙwalwarka kuwa tana zuƙar wani ɓangare nasa ta yi makamashi da shi.